Ɓarawon Dare da Fitowar Rana

Baba, ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni manomi ne, Kirista, a wani ƙauye a kudancin jihar Bauchi. Cikin wata biyu an sace mini rago da tinkiya mai ciki, waɗanda nake kiwo saboda kuɗin makarantar 'yata. Daren Talata na ji motsi a turke, na fito da taɓarya, na tarar an huda katangar baya, mutum yana tsugune cikin duhu yana kwance akuya. Na kai masa duka ɗaya, ya yi ƙara ya tsere. Da gari ya waye aka gane ɗan maƙwabciyata ne, gwauruwa, yaro ɗan shekara 19, hannunsa ya karye. Ya amsa a gaban mai unguwa cewa shi ya ɗauki ragon da tinkiyar ya sayar. Yanzu samarin sintiri sun ce a ba su shi su gama da shi. Wani dattijo a cocinmu ya ce ai Fitowa 22:2 ta ce wanda ya kashe ɓarawo ba shi da alhakin jini. Matata kuma ta ce in bar wa Allah komai. Ni ba na iya barci, ƙarar yaron na cikin kunnena, takaicin dabbobina kuma na cikin zuciyata. Na yi zunubi da na buge shi? Yanzu kuma me zan yi?

Ɗana,

In har yanzu yaron yana ɗakin uwarsa, samarin kuma suna zagaya ƙofar, ka ajiye wayar nan ka tashi. Je wurin mai unguwa, a kira shugaban 'yan sintirin, ka faɗa da bakinka a gaban shaidu cewa kai ne mai kaya, kuma ba ka yarda kowa ya taɓa yaron ba. Da sunanka za su yi abin da suke shirin yi, don haka bakinka ne ya fi na kowa ƙarfin tsayar da su. Sauran maganata za ta jira ka dawo.

Dattijon cocinku bai ƙaga ayar ba, tana nan. Sai dai ya karanta aya ta 2 ya rufe littafin, alhali maganar ba ta ƙare ba sai a aya ta 3. Abin da suka faɗa tare shi ne: idan aka tarar da ɓarawo yana fasa gida, aka buge shi ya mutu, babu alhakin jini a kan wanda ya buge shi, amma idan rana ta fito a kansa, akwai alhakin jini. Ka ga ke nan ayar da ake so a kashe yaron da ita, ita ce ta hana a kashe shi. Rana ta fito a kansa tun safiyar Laraba.

Bari in kai ka gidan da aka yi wa wannan doka, don in ba ka ga gidan ba, ba za ka gane ta ba. Talakan Isra'ila na wancan zamani da tubalin laka yake gini a kan harsashin dutse, dabbobinsa kuma sau da yawa suna kwana a cikin gidan tare da iyali. Ɓarawo ba ya wahalar da kansa da ƙofa, bango yake haƙawa, kamar dai yadda aka yi wa katangarka. Kalmar Ibrananci da ke cikin ayar, mahteret, daga haƙa ta samo asali, kuma Ayuba 24:16 ma ya ambaci masu huda gidaje cikin duhu su kulle kansu da rana. To, mai gida ya farka, babu tocila, fitilar yumɓun ma ta mutu, 'ya'yansa na kwance kusa da ramin. Bai san ko mutum ɗaya ne ko uku ba, bai san ko akwai wuƙa ba, ba ya ganin inda sandarsa za ta sauka. Doka ba ta ce ya yi abin yabo ba. Ta ce kawai ba za a nemi jini a hannunsa ba, domin tsoron ransa ne ya ɗaga hannun. Da rana kuwa duk wannan uzuri ya faɗi. Kana ganin hannunsa, kana iya yin ihu maƙwabta su fito, ka ga fuskarsa, ko ya gudu ka san ƙofar da za ka je neman haƙƙinka.

Malaman Yahudawa sun daɗe suna juya wannan aya, kuma abin da suka fitar ya shafe ka kai tsaye. A Talmud, littafin da suka tattara muhawarorinsu na shari'a, an yi bayanin dalilin haka: kowa ya san mutum ba ya naɗe hannu ana kwashe masa dukiya, ɓarawon dare ma ya sani, don haka ya shigo ne da shirin cewa in mai gida ya tare shi zai kashe shi. Saboda wannan haɗari aka ba mai gida uzuri, ba saboda akuya ba. Suka kuma ɗauki fitowar rana a matsayin misali: in ya bayyana maka sarai kamar rana cewa wannan mutum bai zo da nufin ranka ba, ba ka da ikon kashe shi ko da tsakar dare ne. Misalin da suka bayar shi ne uba da ya huda gidan ɗansa. Ɗan ya san ubansa ba zai kashe shi ba, saboda haka in ya kashe uban, jini na kansa. Rashi, malamin nan da ya rayu a Faransa daga 1040 zuwa 1105, haka ya fassara ayar shi ma.

Ga amsar tambayarka ta farko. A abin da ka faɗa mini, ban ga laifinka a daren Talata ba. Duhu ne, cikin gidanka ne, an fasa katanga, duka ɗaya ka yi, da ya gudu kuma ba ka bi shi ka ƙarasa ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi kwantar mini da hankali game da kai. Rashin barcin da kake yi kuma kada ka ɗauke shi hukunci. Mutumin da ya ji ƙarar ƙashin ɗan maƙwabcinsa ya koma ya yi minshari, shi ne abin tsoro. Ka kai wa Ubangiji wannan nauyi cikin addu'a, ka gode masa da taɓaryar ta sauka a hannu ba a ka ba.

Abin da samarin ke nema wani abu ne dabam. Yaro mai karyayyen hannu a ɗakin uwarsa ba ya barazana ga ran kowa. Wanda ya jawo shi waje ya kashe, kisan kai ya yi, haka wanda ya riƙe shi, haka wanda ya kawo aya don a samu ƙarfin gwiwa. Kalmar nan mahteret ta sake fitowa a Irmiya 2:34, inda annabi yake tuhumar mutanensa cewa an sami jinin matalauta marasa laifi a rigunansu, mutanen da ba a kama su suna fasa gida ba. Wato tun wancan lokaci an san akwai masu zubar da jinin da wannan uzuri bai rufe ba. Mu ma mun gani a ƙasar nan. A Aluu ta jihar Ribas, a watan Oktoba na 2012, taro ya kashe ɗaliban jami'a huɗu bisa zargin sata. A Uromi ta jihar Edo, a watan Maris na 2025, an kashe matafiya 16 'yan Arewa bisa zargi. Ni da idona na taɓa ganin yadda ihun "ɓarawo" ya cinye wani yaro a wata kasuwa, ina tsaye da buhu a hannu ban iya cewa uffan ba, kuma shekarun da suka wuce ba su goge mini wannan shiru nawa ba. Shi ya sa na ce ka tashi tun kafin ka gama karatu.

Dokar ƙasa ma ba ta tare da su. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai ko dukiya, bai ba kowa izinin hukunta wanda aka riga aka kama ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da nasu hukuncin sata, amma ko a can alƙali ne ke yankewa bayan shaidu da sharuɗɗa, ba gungun samari ba.

Akwai abin da nake so ka lura da shi, domin shi ne zuciyar wannan doka ta Ibraniyawa. Maƙwabtansu na gabas suna da dokoki a kan sata tun kafin su. Hammurabi, sarkin Babila da ya rasu wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Almasihu, ya sa an sassaƙa nasa a jikin wani dogon baƙin dutse, wanda aka tono a Susa ta ƙasar Iran a farkon ƙarni na 20, yanzu yana gidan tarihi a birnin Faris. Dokarsa ta 21 ta ce wanda ya huda gida a kashe shi a gaban ramin da ya haƙa. Ta 8 ta ce wanda ya saci sa ko tunkiya ko jaki, in na haikali ne ko na fada, ya biya riɓi 30, in na talaka ne riɓi 10, in kuma ba shi da abin biya a kashe shi. A Attaura kuwa, tsakanin mutum da mutum, ba a kashe kowa saboda dabba ko kuɗi ko kaya. Satar da hukuncinta kisa ne ita ce satar mutum, kamar yadda Fitowa 21:16 ta faɗa game da wanda ya sace ɗan'adam ya sayar ko aka same shi a hannunsa. Ran ɓarawo ma rai ne da aka yi cikin siffar Allah, kuma garke guda bai kai farashinsa ba.

Yanzu sai maganar uwargida. Allah ya saka mata, zuciyarta mai kyau ce, amma ban bi bayanta gaba ɗaya ba. Dokar da ta kare jinin ɓarawo ba ta ce mai kaya ya tafi hannu rabbana ba. Cikin aya ta 3 ɗin nan aka ce lalle ne ya biya. A Ibrananci shallem yeshallem aka rubuta, an maimaita kalmar don ƙarfafawa, kuma saiwarta ɗaya da shalom, 'yar'uwar salama da muke faɗa. Biya a wurinsu cika abin da aka tauye ne, zaman lafiya kuma ba ya dawowa tsakanin gida biyu sai an cike giɓin. In ka ce ka bar wa Allah alhali kuɗin makarantar 'yarka ya tafi, bakinka ne zai yafe, zuciyarka za ta riƙa ƙirga tinkiyar nan duk lokacin da ka ga yaron ya wuce. Shi kuma zai koya cewa abin da sata ke jawowa karaya ce kawai, in an yi rashin sa'a.

Ma'aunin biyan yana da hikima ƙwarai. In an sami dabbar da rai a hannun ɓarawo, sa ne ko jaki ko tunkiya, riɓi biyu zai biya: ya mayar da taka, ya ƙara da tasa, ya ɗanɗana daidai asarar da ya so ya ɗora maka. In ya riga ya yanka ko ya sayar, tumaki huɗu ne a kan tunkiya ɗaya, shanu biyar a kan sa ɗaya, domin wanda ya kai kasuwa ya wuce kuskuren dare ɗaya, ya rufe hanyar mayarwa da hannunsa. Sarki Dawuda ya san wannan doka, shi ya sa da annabi Natan ya ba shi labarin attajirin da ya yanka 'yar tunkiyar matalauci, ya ce sai ya biya riɓi huɗu, kafin ya gane da shi ake. Zakka mai karɓar haraji ma riɓi huɗu ya ɗora wa kansa a Luka 19:8.

Me ya sa sa biyar, tunkiya huɗu? Malamai biyu sun ba da amsa biyu, kuma kai manomi za ka ji daɗin duka. Rabbi Meyir ya ce don sa ma'aikaci ne, wanda ya sace shi ya tsayar da garma, ya saci noman shekara. Yohanan ɗan Zakkai, wanda ya ga rushewar haikalin Urushalima a shekara ta 70, ya ce sa da ƙafarsa yake tafiya, tunkiya kuwa sai ɓarawo ya saɓa ta a kafaɗa, ya riga ya wulaƙanta kansa, don haka aka rage masa ɗaya saboda wannan kunyar. Kullum na tuna wannan amsa sai jikina ya yi sanyi. Dokar da take lissafa mutuncin ɓarawo yana tsakiyar sata, yaya za a kafa hujja da ita a ja shi a ƙasa a bainar jama'a? Ko bulalar da alƙali ya yanke, Maimaitawar Shari'a 25:3 ta tsayar da ita a 40, don kada ɗan'uwanka ya ƙasƙanta a idonka. Ɗan'uwanka aka kira shi, yana kwance ana dukansa.

In aka bi lissafin sak, tumaki takwas kake bin yaron, ban da akuyar da ba ta bar turke ba. Ba na ba ka shawarar ka nemi haka. Wannan doka ce ta alƙalan Isra'ila a ƙasarsu da zamaninsu, mu hasken da ke cikinta muke ɗauka, kuma ɗora wa ɗan gwauruwa tumaki takwas tura shi ne ya koma sata ko ya gudu birni. Akwai wani ma'auni a Littafin Firistoci 6:1-7 da Ƙidaya 5:6-7, na wanda ya ci haƙƙin maƙwabcinsa ya kuma furta laifinsa: ya mayar da ainihin abin, ya ƙara humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, ya miƙa wa mai shi, hadayar neman gafara kuma tana tafe tare da biyan, ba a madadinsa ba. Gaskiya ne yaron bai furta ba sai da hannu ya tona shi. Duk da haka ya furta, bai yi rantsuwar ƙarya ba, kuma ni a nan zan tsaya: kuɗin rago da na tinkiya mai ciki a farashin kasuwarku ta yau, da humusi a kai, da gyaran katanga. Malaman Yahudawa ma sun sassauta don mai tuba ya samu hanyar dawowa. An yi muhawara kan wanda ya saci azara ya gina ta cikin gidansa. Almajiran Shammai suka ce ya rushe ginin ya mayar da ita, na Hillel suka ce ya biya kuɗinta kawai, kuma maganar Hillel aka bi.

Za ka ce ba shi da ko sisi. Doka ta hango wannan ma, ta ce in ba shi da komai a sayar da shi saboda satarsa. Zamanin bauta ya wuce, Allah kada ya maimaita, amma ka duba yadda aka yi mata iyaka: Fitowa 21:2 ta ce bawa Ba'ibrane shekara shida zai yi, a ta bakwai ya fita kyauta. Babila ta kashe matalaucin ɓarawo, Isra'ila ta ce ya biya da guminsa, kuma bashin yana da ranar ƙarewa. Wannan za ka iya yi. In hannun ya warke, ya yi maka ƙwadago a gona, noma da girbi da sussuka, ana lissafa masa kowace rana a kuɗin da ake biyan kowane ɗan ƙwadago a garinku, ba ragi don shi mai laifi ne. A rubuta jimillar da adadin kwanakin a takarda, mai unguwa da fasto da wani daga dangin mahaifinsa su sa hannu. Ranar da kwanakin suka cika a yaga takardar a gabansu, daga nan kuma kada wani a gidanka ya sake kiransa ɓarawo. Bulus ya rubuta wa Afisawa cewa mai sata ya daina, ya yi aiki da hannuwansa har ya sami abin ba mabukaci. Wani ne zai fara ba shi aikin.

Abu biyu za su taso a zaman, ka shirya musu. Na farko, kowa zai kawo tasa: kazar da ta ɓace bara, buhun masarar wane, batirin wane. An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma ranar mai kaya ba ranar ɗora wa mutum ɗaya duk satar gari ba ce. Maimaitawar Shari'a 19:15 ta ce ba a tabbatar da laifi sai da shaidu biyu ko uku. Abin da ya amsa da abin da aka shaida, shi kaɗai zai biya. Uwarsa kuma ba ta saci komai ba, kada a taɓa gonarta ko 'yan kajinta sai in ita ta ga dama ta taimaki ɗanta. Na biyu, a tambayi yaron wa ya saya. Yaro ɗan shekara 19 ba ya sayar da rago da tinkiya sau biyu ba tare da ɓarawon zaune ba, kuma wanda ya karɓi dabba a rabin kuɗi bai tambayi daga ina ba, ya kamata a kira shi ya ɗauki rabonsa na biyan. Ina zargin samarin da ke ɗokin jinin yaron ba za su yi ɗokin zuwa ƙofar wannan mutum ba.

Kana da ikon kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma ba zunubi ba ne. Ni dai zan so ku je tare da mai unguwa ku sanar da abin da ya faru da sulhun da ake yi, don ya zama a rubuce, saboda kariyarka game da karayar da kuma kariyar yaron daga samarin. In ka ga ransa na cikin haɗari a daren nan, to a kai shi can ya kwana, ya fi masa ɗakin uwarsa. In kuma ya karya alkawarin biyan, ƙofar kotu a buɗe take.

Saura hannun. Shari'a ba ta ɗora maka jinyarsa ba, tunda shi ya kawo kansa cikin duhu. Amma da ni ne kai, da na biya kuɗin asibiti ko na mai ɗori, ban kuma sa shi cikin lissafin bashin ba. Hannun da ya ɗoru a karkace ba zai riƙe fartanya ba, kai kuma ina jin ba za ka sami barcin da kake nema ba sai ka ga an ɗaure shi da kyau. In za ka shiga gidan, kada ka tafi da ƙannenka. Ka tafi da uwargida, ita ta fara yin sallama, ka bar gwauruwar ta gama kukanta kafin ka ce komai. Ka rubuto mini bayan girbi in ji kwana nawa suka rage a takardar, da yadda aka yi da makarantar 'yar tamu.